Samfurin lissafi na martanin jikin mutum a zaune ga jijjigar abin hawa

Samfurin lissafi na martanin jikin mutum a zaune ga jijjigar abin hawa hanya ce da injiniyoyi da masana lafiyar ma'aikata ke bi don hasashen yadda jikin direba ko fasinja zai motsa idan kujerar da yake kai tana jijjiga. Ana siffanta jikin da lissafi a kwamfuta, ko kuma a ƙera mutum-mutumi na ƙarfe mai sifirin da shokazoba wanda zai riƙa motsi irin na mutum. Ana amfani da waɗannan samfura wajen ƙera kujerun motoci, tarakta, katafila, jirgin ƙasa da jirgi mai saukar ungulu, da kuma wajen kiyasta irin dannar da ƙashin bayan mai tuƙi ke sha.

Abin da ya haifar da fannin shi ne jikin mutum ba buhun yashi ba ne. Idan aka ɗora curin ƙarfe a kan kujerar da ke kaɗawa sama da ƙasa, ƙarfin da zai danna kujerar da shi ya danganta ne kawai da nauyinsa da tsananin kaɗawar. Mutum kuwa yana da nama mai laushi a mazaunai, da ƙashin baya mai lanƙwasawa, da kayan ciki masu reto, da kai da ke bisa wuya, kuma kowannensu na iya motsi dabam da sauran. Saboda haka akwai kaɗawar da jiki ke haɓakawa, akwai kuma wadda yake shanyewa. Wadda ya fi haɓakawa ita ce ta kusan sau 5 a sakan ɗaya, kuma kusan duk samfurin da aka gina tun daga shekarun 1960 an gina shi ne don ya fito da wannan hali.

Daga hanya zuwa kujera

Ana bayyana jijjiga da abubuwa uku: saurinta, ƙarfinta da kuma inda ta nufa. Saurin jijjiga shi ne adadin kai-komon da ake yi a sakan ɗaya, kuma ana rubuta ma'auninsa da Hz. 5 Hz na nufin hawa da sauka sau biyar a sakan. Ƙarfinta ana auna shi da hanzari, wato yadda gudun kujerar ke sauyawa, da ma'aunin m/s². Inda ta nufa kuwa ko dai sama da ƙasa, ko gaba da baya, ko gefe zuwa gefe.

Gargadar hanya ce babban mafarin jijjiga. Ana samun saurin kaɗawar ta hanyar raba gudun mota da tazarar da ke tsakanin tudu da tudu. Motar da ke tafiyar kilomita 18 a awa, wato mita 5 a sakan, a kan hanyar burji mai tuddai a tazarar mita ɗaya-ɗaya, za ta riƙa kaɗawa sau 5 a sakan. Idan direba ya ninka gudu, kaɗawar ta koma 10 Hz. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wata gargadar ta fi sauƙin ji idan an taka mota, ko da yake a lokacin tayoyi kan rage riƙe ƙasa.

Kafin jijjigar ta isa kujera sai ta ratsa taya, sifirin, shokazoba da bodin mota, kowanne yana rage wani sashe yana ƙara wani. Bodin ƙaramar mota yana lilo a kan sifirin nasa tsakanin 1 zuwa 2 Hz, tayoyi kuma suna tsalle a wajajen 10 zuwa 15 Hz. Galibin taraktocin noma ba su da sifirin a ƙafafun baya, taya ce kaɗai ke tare musu gargada, shi ya sa suke kaɗawa a wajajen 2 zuwa 4 Hz, dab da inda jikin mutum ya fi amsawa. Ana auna abin da ya iso ga mai zama da wani faifan roba da ake shimfiɗawa tsakanin kujera da mazaunai, mai ɗauke da na'urar auna hanzari ta fuskoki uku.

Abin da ake aunawa a jiki

Samfuri ba ya samuwa sai da awo. A ɗakin gwaji ana zaunar da mutum a kan kujera mai tauri, marar soso, wadda aka ɗora a kan injin da ke kaɗa ta yadda ake so. Ƙarƙashin kujerar akwai na'urar da ke auna ƙarfin da jiki ke danna ta da shi. Idan aka raba wannan ƙarfi da hanzarin kujerar, sai a sami abin da ake kira bayyanannen nauyi, wato nauyin da kujera ke ji a kowane saurin kaɗawa.

Idan kaɗawar a hankali take, ƙasa da 2 Hz, jiki yana hawa da sauka gaba ɗaya, kuma bayyanannen nauyi kusan daidai yake da nauyin da ke kan kujera a zaune shiru. Wannan kuwa ba duka nauyin mutum ba ne, domin ƙafafu suna kan daɓen mota. Abin da kujera ke ɗauka yana kai wa kashi 70 zuwa 75 cikin 100. Da kaɗawar ta doshi 5 Hz sai bayyanannen nauyi ya ƙaru har ya kai kusan ninki ɗaya da rabi. Daga nan sai ya fara sauka, da ɗan ƙaramin tudu na biyu a wajajen 8 zuwa 12 Hz, kuma kafin a kai 20 Hz bai ko kai rabin nauyin farko ba. Dalilin hawan iri ɗaya ne da na lilo: idan ana tura lilo daidai lokacin da yake dawowa, ƙaramar turawa ma tana kai shi sama. Saurin da hakan ke faruwa shi ake kira gaɓar haɓaka.

Awon da aka fi dogara da shi a wannan batu shi ne wanda T. E. Fairley da Michael J. Griffin suka wallafa a shekarar 1989 daga Jami'ar Southampton ta Ingila. Sun auna mutum 60, maza 24, mata 24 da yara 12, suka tarar cewa idan aka raba sakamakon kowa da nauyinsa na zaune, siffar martanin kusan ɗaya ce ga kowa. Sun kuma gano wani abu da har yanzu yake wahalar da masu gina samfuri: gaɓar haɓaka ba ta tsayawa wuri ɗaya. Da aka ƙara ƙarfin jijjiga daga 0.25 zuwa 2.0 m/s², gaɓar ta sauko daga kusan 6 Hz zuwa kusan 4 Hz. Wato jiki yana ƙara laushi idan an tsananta girgiza shi. Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne nama yana sakin jiki idan ana motsa shi, kamar yadda kindirmo ke tsinkewa idan an kaɗa shi, ya sake yin kauri idan an bar shi.

Awo na biyu shi ne yawan jijjigar da ke ratsa jiki daga kujera zuwa kai. Tun da fata tana zamewa a kan ƙashi, akan sa wanda ake gwadawa ya ciji wani ɗan ƙarfe mai ɗauke da na'urorin awo, domin haƙora a manne suke da ƙoƙon kai. A nan ma haɓakar tana fitowa a wajajen 5 Hz, sai dai bambanci tsakanin mutum da mutum ya fi yawa. Jingina da bayan kujera yakan ƙara jijjigar da ke kai wa ga kai, musamman ta gaba da baya, domin majinginar ta zama ƙofa ta biyu da jijjiga ke shiga jiki. A kaɗawar gaba da baya da ta gefe, gaɓoɓin haɓaka suna ƙasa sosai: ba tare da jingina ba, ɗaya tana wajen 0.7 Hz, ɗaya kuma tsakanin 2 zuwa 3 Hz.

Tarihi

Daga cikin gwaje-gwajen farko kan yadda mutane ke jin jijjiga akwai na Reiher da Meister a Jamus, waɗanda suka wallafa sakamakonsu a 1931. Auna jiki a matsayin abin da ke da sifirin a cikinsa ya biyo baya, da aikin Dieckmann a Jamus a ƙarshen shekarun 1950, da na Rolf Coermann wanda aka wallafa a Amurka a 1962. Sojojin sama ne suka ɗauki nauyin da yawa daga cikin binciken farko, saboda matuƙa jiragen yaƙi da masu zuwa sararin samaniya. Aikin gona ya zo da tasa buƙatar: a 1969 Suggs da abokan aikinsa a jihar North Carolina suka ƙera mutum-mutumi mai nauyi biyu a kan sifirin don gwada kujerun tarakta. Littafin Griffin mai suna Handbook of Human Vibration, na 1990, shi ya tattara ilimin fannin wuri ɗaya.

Ire-iren samfura

Mafi tsufa kuma mafi sauƙi shi ne samfurin dunƙulallun nauyi. Ana ɗaukar jiki, ko wani sashe nasa, a matsayin curi ɗaya da ke zaune a kan sifirin da shokazoba. Sifirin yana wakiltar taurin nama da ƙashi, shokazoba kuma yana wakiltar yadda jiki ke shanye motsi. Lissafinsa gajere ne: f = (1/2π)√(k/m), inda f ke nufin gaɓar haɓaka, k taurin sifirin, m kuma nauyi. Idan nauyin da ke kan kujera kilo 55 ne, kuma ana son gaɓar ta faɗo a 5 Hz, taurin sifirin zai kasance kusan 54,000 N/m. Da wannan curi guda ana iya kusantar bayyanannen nauyi har zuwa wajajen 8 Hz. Idan aka ƙara curi na biyu sai tudun nan na biyu ma ya fito. Wei da Griffin sun nuna haka a 1998, da suka daidaita samfuran curi ɗaya da curi biyu da awon mutanen nan 60.

Wasu sun yi ƙoƙarin ba kowane curi sunan wani sashe na jiki. Muksian da Nash a 1974 sun raba jiki gida bakwai, ciki har da kai, ƙirji, tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ciki da ƙugu. Patil da abokan aikinsa a Madras ta Indiya sun haɗa irin wannan samfuri da na tarakta a 1977. Boileau da Rakheja a Montreal ta Kanada sun fitar da mai gida huɗu a 1998, mai jimillar nauyin kilo 55.2, wanda ake yawan amfani da shi har yau. A nan akwai tarko. Lambobin sifirin da shokazoba ba daga jiki ake auna su ɗaya bayan ɗaya ba; kwamfuta ce ke ta juya su har lissafi ya dace da awon da aka yi a kujera da kai. Lambobi daban-daban na iya ba da dacewa iri ɗaya. Saboda haka sifirin da aka rubuta wa "ƙashin baya" ba lallai ne ya nuna abin da ƙashin baya ke sha ba, suna ne kawai aka laƙa masa.

Akwai samfurin curi ɗaya da aka gina don bugu guda mai tsanani maimakon jijjiga mai ɗorewa. Shi ne wanda ake kira DRI, da aka samar a shekarun 1960 don kujerun da ke harba matuƙin jirgin yaƙi waje idan jirgi zai faɗi. Gaɓar haɓakarsa 8.4 Hz ce, kuma abin da yake lissafawa shi ne yawan matsewar da ƙashin baya zai yi. Ana amfani da shi kuma wajen gwada kujerun motocin soja da ka iya taka nakiya.

Nau'i na biyu shi ne samfurin gaɓoɓi masu mahaɗa. A nan ana siffanta cinyoyi, ƙugu, gangar jiki da kai a matsayin sassa masu tauri da aka haɗa da mahaɗai masu juyawa. Fa'idarsa ita ce yana nuna abin da dunƙulallun nauyi ba sa iya nunawa: kaɗawar sama da ƙasa tana sa ƙugu ya riƙa jirkicewa gaba da baya, kai kuma ya riƙa gyaɗawa. Aikin Matsumoto da Griffin na 2001 yana cikin wannan rukuni.

Nau'i na uku, wanda ya fi cin ƙarfin kwamfuta, shi ne samfurin ƙananan gutsattsari. Ana yanka siffar jiki zuwa ɗaruruwa ko dubban ƙananan sassa, kowanne da taurinsa: ƙasusuwan baya ɗaya bayan ɗaya, faya-fayan guringuntsi da ke tsakaninsu, jijiyoyi, tsoka da kayan ciki. Samfurin Kitazaki da Griffin na 1997 ya taimaka wajen amsa tsohuwar tambayar ko mene ne yake kaɗawa a 5 Hz. Ya nuna cewa ba wata gaɓa guda ba ce. Kai, ƙashin baya da ƙugu suna motsi kusan tare a kan naman mazaunai da ke matsewa yana kuma zamewa, kayan ciki suna hawa da sauka tare da su, sannan saman ƙashin baya yana ɗan lanƙwasawa. Ya kuma nuna dalilin da ya sa gaɓar haɓaka ke sauka idan mutum ya saki jiki ya ranƙwafa. A Jamus, Pankoke da Buck da Wölfel sun fitar da samfuri a 1998 don lissafa ƙarfin da ke danna faya-fayan kwankwaso, kuma daga wannan layi aka sami samfurin CASIMIR da masu ƙera kujerun mota ke amfani da shi.

Akwai kuma samfuran da ba su damu da siffar jiki ba sam. Ana ba kwamfuta awon abin da ya shiga da abin da ya fito, ta koyi alaƙar da ke tsakaninsu. Bugun 2004 na ƙa'idar ISO 2631-5 ya yi amfani da irin wannan wajen hasashen motsin kwankwaso daga bugun kujera, kafin a sauya hanyar a bugun 2018.

Kujera da mai zama a kanta

Babban amfanin samfura na yau da kullum shi ne gwajin kujera. Kujera mai soso ita ma sifirin ce, kuma halinta ya danganta da abin da aka ɗora mata. Idan aka gwada ta da curin ƙarfe, haɓakar da za a gani za ta fi ta gaskiya tsanani, sannan a kaɗawa mai sauri kujerar za ta nuna kamar tana tare jijjiga fiye da yadda take yi idan mutum ne a kai. Dole a lissafa mutum da kujera tare.

Ƙa'idar da ke aiki a nan ita ce sifirin ba ya fara rage jijjiga sai saurinta ya wuce gaɓar haɓakarsa da kusan ninki 1.4, ƙasa da haka ƙara ta yake yi. Kujerar soso da mutum a kai tana da gaɓa a wajajen 3 zuwa 5 Hz. Hakan ya wadatar a ƙaramar mota, amma a tarakta mai kaɗawa a 2 zuwa 4 Hz soso ƙara matsala yake yi. Shi ya sa ake sa wa tarakta da manyan motoci kujera mai nata sifirin ko jakar iska, wadda gaɓarta ke ƙasa da 2 Hz. Ita ma idan ba a saita ta da nauyin direba ba, takan kai ƙarshen tafiyarta a rami ta buga, bugun kuwa ya fi jijjigar da aka gudu muni.

Ana taƙaita ingancin kujera da lamba guda da ake kira SEAT: jijjigar da ke saman kujera a kan wadda ke daɓen mota. Ƙasa da kashi 100 cikin 100 na nufin kujerar tana taimakawa, sama da haka gara zama a kan katako. Ƙa'idar ISO 7096 ta injinan haƙa da ture ƙasa ta tanadi a gwada kujera da mutum biyu, mara nauyi da mai nauyi. Gwaji da mutane yana da tsada, sakamakonsa yana sauyawa, kuma ba a iya kai shi ga tsananin da zai cutar. Don haka ake ƙera mutum-mutumin da ke kwaikwayon bayyanannen nauyi, kamar MEMOSIK na Jamus. Ƙa'idar ISO 5982 ita ta tattara awon da irin waɗannan samfura za su yi koyi da shi. Bugunta na 2001 ya shafi 0.5 zuwa 20 Hz, ga masu nauyin kilo 49 zuwa 93 da ke zaune ba jingina.

Lafiya da dokoki

Awon martanin jiki ya shiga cikin yadda ake hukunta jijjiga. Ƙa'idar ISO 2631-1 ta 1997 ba ta ɗauki kowane sauri daidai da ɗan'uwansa ba. A kaɗawar sama da ƙasa ta fi ba wajajen 4 zuwa 10 Hz muhimmanci, a ta gaba da gefe kuma ta fi ba ƙasa da 2 Hz. Abin da ke ƙasa da 0.5 Hz, irin lilon jirgin ruwa, shi ke kawo tashin zuciya da amai, kuma ana lissafa shi dabam. Bisa ma'aunin jin daɗi na ƙa'idar, ƙasa da 0.315 m/s² ba ya damun mutum, sama da 2 m/s² kuwa matsananciyar takura ce.

Illar da aka fi dangantawa da daɗewa cikin jijjiga ita ce ciwon baya da lalacewar faya-fayan kwankwaso. Jamus ta sa wannan cikin jerin cututtukan aiki da ake biyan diyya a kansu tun 1993. Dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta ce idan matsakaicin jijjigar aikin awa 8 ya kai 0.5 m/s², wajibi ne mai kamfani ya ɗauki mataki, kuma ba a yarda ya wuce 1.15 m/s² ba. Lokacin da aka yarda da shi yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: a 1.0 m/s² awa 2 ta isa a kai matakin farko, a 2.0 m/s² kuwa minti 30 kawai. Ga aikin da ke da faɗawa ramuka akwai wani ma'auni, VDV, wanda ya fi ba bugu mai ƙarfi muhimmanci. A lissafinsa ninka ƙarfin jijjiga sau biyu daidai yake da ninka lokaci sau 16.

Raba illar jijjiga da ta daɗewa a zaune, da juya jiki don duba baya, da ɗaukar kaya masu nauyi abu ne mai wuya, domin direba yana fama da su duka a rana ɗaya. Nan ne ake sa ran samfuran ƙananan gutsattsari za su taimaka, tun da suna iya lissafa dannar faifai a kowane irin zama.

Iyakokin samfura

Ba a iya sa na'ura cikin faifan kwankwason direba yana kan aiki, saboda haka ƙarfin da samfuri ya ce faifai na sha ba a tabbatar da shi kai tsaye. Abin da ake yi shi ne a gwada samfurin da motsin da ake iya aunawa daga waje, a haɗa da gwajin ƙasusuwan gawa. Tsoka ma matsala ce, domin tana ɗaurewa tana saki da kanta, wani lokaci a makare, kuma galibin samfura suna ɗaukar ta kamar sifirin da ba ya sauyawa. Yawancin awon ɗakin gwaji na ɗan gajeren lokaci ne, ta fuska ɗaya, a kan kujera mai tauri, alhali mota tana kaɗawa ta kowace fuska na tsawon awoyi, hannu na kan sitiyari, ƙafa na kan totur.

Sannan mafi yawan mutanen da aka auna daga Turai, Arewacin Amurka da gabashin Asiya suke, galibinsu maza matasa masu ƙoshin lafiya, suna zaune yadda aka umarce su. Zaman ɗan acaɓa da ke ranƙwafe a kan babur da hannu a kan kambu, ko na fasinjojin da aka matse huɗu a layin baya, ko na wanda ke kan bencin katako a bayan a-kori-kura, ya sha bamban da wannan zama. Lissafin sifirin da nauyi bai sauya ba, amma lambobin da aka cusa cikin samfurin na wani irin zama ne, kuma kafin a yi hukunci da su a kan irin waɗannan ababen hawa sai an sake awo a kansu.